Hajiya ta ce salmon ɗin gona guba ne, ga ni da ciki wata biyar

Assalamu alaikum Anti. Ni da maigidana muna zaune a Manchesta shekara huɗu ke nan. Muna da yaro ɗan shekara uku, yanzu kuma ina da juna biyu wata biyar. Tun awon farko ungozoma ta ce in riƙa cin kifi mai maiƙo, shi ya sa kusan kowane mako sai mun ci salmon sau ɗaya ko sau biyu, irin na babban kanti wanda aka rubuta a ledarsa cewa na gona ne daga Sikotland ko Norwe. Watan jiya mahaifiyar maigidana ta zo daga Kano, za ta zauna da mu har in haihu in yi arba'in. Ana nan sai yayarsa ta turo wa Hajiya wani bidiyo ta WhatsApp, wai salmon ɗin gona ya fi kowane abinci guba a duniya, magani ake ɗura masa, jan jikinsa ma rini ne, kuma yana kawo ciwon daji. Hajiya ta ce kada a sake shigowa da shi gidan, in ma dole sai an ci to a sayo wanda aka kamo a teku. Maigida ya duba farashi ya ce na tekun ya kusa ninka na gonar, ba zai iya kowane mako ba. Har maganar ta ɗan yi zafi tsakaninsu, abin da ban taɓa gani ba. Ni kuwa na daina cin kifi kwata-kwata, yau mako uku. Da dare ba na iya barci, ina ta tunanin ko na riga na cutar da abin da ke cikina, da yarona da nake ba shi tun yana wata takwas. Anti, mene ne gaskiyar lamarin? Kuma yaya zan yi da Hajiya ba tare da ta ga kamar na raina ta ba?

Ƙanwarki a Manchesta

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raba lafiya, ya raya mana yaron nan.

Abin da ya hana ki barci shi zan fara sauke miki. Ba ki cutar da kowa ba. Yanka ɗaya ko biyu na dafaffen salmon a mako shi ne daidai abin da hukumar lafiya ta NHS ke so mai ciki ta ci, na gona ne ko na teku. A Amurka ma hukumar abinci da magunguna ta sa salmon a sahun kifayen da suka fi dacewa da mai juna biyu da ƙananan yara. Yaronki abinci mai kyau ya ci, na cikinki ma haka.

Abin da ya tsaya mini a rai a wasiƙarki shi ne makonni ukun nan da kika yi ba kifi, don kina gab da shiga watannin da jariri ya fi bukatarsa. A wata ukun ƙarshe ne ƙwaƙwalwar jariri ke girma da sauri, tana jan wani irin kitse da ake kira DHA, ɗaya daga cikin dangin omega-3, daga jinin uwa ta igiyar cibiya. Da shi ake gina ƙwaƙwalwa da tantanin gani da ke can cikin ido. Jikinmu yana iya haɗa shi daga man tsirrai, amma ɗan kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa kifi mai maiƙo ya zama hanya mafi sauƙi. In uwa ba ta ci ba, jaririn zai ɗiba daga abin da ta tara a jikinta, ita ta tashi da ragowa, ga shayarwa tana jiran ta. Barin kifin gaba ɗaya, an gudu ne ba a tsira ba.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza, kuma gara ki san tushen maganar don hankalinki ya kwanta da hujja. A watan Janairun 2004 mujallar kimiyya ta Science ta buga wani bincike da Ronald Hites na Jami'ar Indiana ya jagoranta. Sun tattara salmon kusan 700 daga sassan duniya suka auna, suka tarar na gona ya fi na tekun Fasifik ɗauke da sinadarai masu guba irin su PCB da dayoksin, kuma na Sikotland da tsibiran Faro suna cikin waɗanda abin ya fi yawa a jikinsu. Labarin ya karaɗe duniya, har yau shi ake ta juyawa a bidiyo ana ƙara masa gishiri. PCB wani mai ne da masana'antu suka daɗe suna amfani da shi a taransifoma da fenti da makamantansu. Amurka ta hana yin sa a 1979, ƙasashen duniya suka haɗu suka haramta shi a yarjejeniyar Stockholm ta 2001, amma abu ne da ba ya ruɓewa da wuri. Ya riga ya gangara teku, ya shiga jikin ƙananan halittu, ƙananan kifaye suka cinye su, ya taru a kitsensu. Su waɗannan ƙananan kifayen ake niƙawa, a tatse mansu, a haɗa abincin kifin gona da shi. Ta nan abin ya shiga. Ba wanda ya tsaya ya ɗura wa kifi guba. Daga tekun kanta aka kwaso ta cikin abinci. Kuma ko a wancan lokacin, abin da aka auna bai ko kusa da iyakar da hukumar abinci ta Amurka ta gindaya ba. Gardamar masana ta tsaya ne a kan wace iyaka ya kamata a bi ga mutumin da zai yi shekara da shekaru yana ci.

Fiye da shekara 20 ke nan da wannan bincike, kuma abincin kifin ya sauya sosai. A 1990, kashi 90 cikin 100 na abin da ake ba salmon a Norwe daga teku yake, garin kifi da man kifi. Yau bai kai kashi 30 ba. Sauran waken suya ne da alkama da man wannan tsiron mai fure rawaya da za ki ga gonakinsa sun cika gefen hanya a Ingila cikin Afrilu da Mayu. Tsadar man kifi ce ta jawo sauyin, amma da man ya ragu sai gurɓatar da ke cikinsa ta ragu tare da shi. A 2017 masu bincike a birnin Bergen suka fitar da sakamakon kwatanta salmon ɗin gonar Norwe da ɗan'uwansa na Atlantika da aka kamo a teku, sai ga na tekun ya fi na gonar dayoksin da PCB da makuri, wani ƙarfe mai guba. Dukkansu biyun kuwa suna ƙasa da iyakar da Tarayyar Turai ta sa. Na Alaska, wanda shi ne "na teku" da za ki samu a kantunanku, yawanci har yanzu ya fi na gona ƙarancin waɗannan sinadarai, don kitsensa kaɗan ne. Amma tazarar ta matse, kuma ba a kanta lafiyarki ta rataya ba.

Sauyin abincin nan yana da nasa kuɗin da aka biya, ba zan ɓoye miki ba. Masu bincike a Jami'ar Stirling da ke Sikotland sun nuna a 2016 cewa omega-3 da ke jikin salmon ɗin gonar ƙasar ya ragu da kusan rabi tsakanin 2006 da 2015. Abin da yanka ɗaya ke ba mutum a da, yanzu sai ya ci biyu. Duk da haka yana cikin abincin da suka fi kowanne wadatar wannan kitse, kuma ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: saboda na gona ya fi ƙiba, yankansa ɗaya yakan ba ki omega-3 daidai da na teku ko ma ya ɗara. A giram 100 na na gona akwai kitse giram 13 zuwa 16, na Alaska kuwa galibi bai wuce rabin haka ba. Wato abin da ungozoma ta tura ki nema, yana nan cikin wanda maigidanki yake sayowa.

Tun a 2006 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard, Dariush Mozaffarian da Eric Rimm, suka ɗora amfanin kifi da haɗarinsa a kan sikeli ɗaya. Sun samu cewa cin kifi sau ɗaya ko biyu a mako, musamman mai maiƙo, yana rage mutuwa ta ciwon zuciya da kusan kashi 36 cikin 100, kuma wannan amfani ya rinjayi haɗarin ciwon dajin da ake lissafa wa PCB nesa ba kusa ba. Sun kuma lura cewa mafi yawan dayoksin da PCB da ke shiga jikin mutane a Amurka daga nama da madara da kayan lambu yake zuwa, kason kifi kaɗan ne. Ki riƙe wannan, don Hajiya da maigida ma suna da zuciya da ke bukatar kifin nan.

Batun rini yana da sauƙi. Salmon a teku yana cin jatan lande da wasu ƙananan danginsa, a jikinsu akwai wani launi da ake kira astazantin, shi ke taruwa a naman kifin ya mayar da shi ja. Na gona ba ya samun waɗannan halittu, sai a sa masa launin a cikin abincinsa, wani daga yis ko gansakuka aka samo shi, wani a masana'anta aka haɗa. Ba a shafa wa kifin komai, ba a tsoma shi cikin komai. Ci yake yi, kamar yadda kazar da ke cin masara rawaya da ganye kwaiduwar ƙwanta ke yin ja. In ba a ba shi ba namansa zai fito fari-fari mai toka. Gaskiya ne masu gona suna zaɓar yawan jan da suke so don ya burge mai saye, har da wani kati mai launuka da suke gwadawa da shi. Amma sinadarin kansa kifin yana bukatarsa don lafiyar jikinsa, kuma hukumomin abinci na Turai da Amurka sun amince da shi.

Maganar magani kuwa ta danganta da ƙasa, a nan ne karanta rubutun jikin leda yake da amfani. A shekarun 1980 gonakin Norwe sun yi ta zuba antibayotik, abin ya kai ƙololuwa a 1987. Daga baya aka samo allurar rigakafi, yanzu kowane ɗan kifi sai an yi masa ita kafin a kai shi teku, amfani da antibayotik ya faɗi da kashi 99 cikin 100, alhali kifin da ake nomawa ya haura tan miliyan ɗaya a shekara. Mafi yawan salmon ɗin Norwe har a yanka shi bai taɓa shan antibayotik ba. Chile, wadda ke bin Norwe a yawan noma, lamarinta daban: akwai wata cuta da ta addabi gonakinta wadda rigakafi bai gama shawo kanta ba, saboda haka suna amfani da ɗaruruwan tan na magani a shekara. Ko a can ma doka ta ce sai an jira maganin ya fita daga jikin kifi kafin a kama shi, kuma babban abin tsoro a nan shi ne ƙwayoyin cuta su saba da magani su daina jin sa. Ke dai na Sikotland da Norwe kike saye. Dokar ƙasar da kike ta wajabta a rubuta a jikin kifi ko na gona ne ko kamo shi aka yi, da wurin da ya fito, don haka ba sai kin yi canke ba.

Ga mai ciki, gubar da likitoci suka fi tsoro a kifi ita ce makuri, domin ita ce ke taɓa ƙwaƙwalwar jariri kai tsaye. Tana taruwa ne a jikin manyan kifaye masu tsawon rai da ke cin wasu kifaye. Salmon ba ya cikinsu, na gona da na teku duka. A ma'aunin hukumar Amurka, abin da ke jikin kifin shak ko kifin nan mai dogon baki kamar takobi ya ninka na salmon fiye da sau 40. Waɗannan biyun da wani babban kifin teku da ake kira malin su ne NHS ta ce mai ciki ta bari gaba ɗaya. Kifin tuna kuma kada ya wuce matsakaicin gwangwani huɗu ko yanka biyu a mako.

Inda na teku ya yi wa na gona fintinkau shi ne bitamin D. Wani bincike a Jami'ar Boston a 2007 ya tarar na gona yana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na abin da ke jikin na teku. Wannan ya shafe ki, domin daga Oktoba zuwa Maris ranar Ingila ba ta da ƙarfin da fata za ta yi bitamin D da ita, ga mu da baƙar fata, ga sutura. Amma ko na tekun ne ba zai ishe ki ba. NHS ta ce mai ciki ta sha maikurogiram 10 na bitamin D kullum, mai irin fatarmu ma ta sha duk shekara, rani da damina. In ba kya sha, ki faɗa wa ungozoma. Ki sa wa Hajiya ma a rai tunda za ta daɗe tare da ku. Abin da ba za ki sha ba shi ne man hantar kifi, irin wanda aka ba mu muna yara, don yana da bitamin A mai yawa wanda ke iya cutar da jariri.

Yanzu ga abin da nake so ki ji tsoro da gaske, wanda bidiyon bai ambata ba. Akwai salmon ɗin da ake sayarwa siriri-siriri cikin leda, an yi masa hayaƙi mai sanyi, ana ɗora shi kan burodi a ci haka nan. Wannan ba dafaffe ba ne. Kada sunan hayaƙi ya ruɗe ki ko ya ruɗi Hajiya ta ɗauka irin bandarmu ce, wadda wuta ta gasa ta har ta bushe ƙarau, sannan a sake jefa ta a miya ta tafasa. Shi wannan hayaƙin bai da zafin da zai kashe ƙwayar cuta, kuma akwai wata da ake kira listeriya wadda ke hayayyafa ko a cikin sanyin firji. Mai ciki ta fi sauran mutane saurin kamuwa da ita kusan sau 10, ita uwar ta ji kamar mura ce kawai, amma tana iya jawo ɓari ko haihuwar bakwaini ko a haifi jariri ba rai. Bayan wata ɓarkewar cutar da aka danganta da irin wannan kifi, hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ta fito a 2023 ta ce masu ciki su guje shi sai in an dafa shi har yana tururi. Ɗanyen kifi irin na cimar Japanawa ma ki ajiye shi sai kin haihu. A nan na tekun ya fi na gona haɗari, domin shi ne ke ɗauke da tsutsar anisakis da yake samu daga abin da yake farauta. Shi ya sa dokar Turai ta ce kifin teku da za a ci ɗanye sai an daskarar da shi a digiri 20 ƙasa da sifiri na aƙalla awa 24. Dahuwa tana kashe duka biyun, tsutsa da listeriya. Tsakiyar yankan ya kai digiri 63, ko ki duba da cokali mai yatsu: in naman ya daina sheƙi, yana rabuwa sala-sala, ya nuna. Mu da ba mu saba cin abu rabi-da-rabi ba, wannan ba zai ba ki wahala ba.

Ƙa'idar ita ce kifi sau biyu a mako aƙalla, amma mai maiƙo kada ya wuce yanka biyu ga mai ciki da mai shayarwa, kowane yanka kamar giram 140, wato misalin tafin hannunki. Wannan iyakar saboda PCB ɗin nan aka sa ta, kuma ta haɗa salmon da titus da sadin da shawa duka a lissafi ɗaya, na gona da na teku. In kina son ƙarin kwanciyar hankali, ki cire fatar da kitsen ciki mai launin toka, ki gasa a kan raga yadda mai zai ɗiga ƙasa, tunda a kitse waɗannan sinadarai suke zama. Farin kifi marar maiƙo kuwa kina iya ƙarawa a kai.

Ni kaina ina da abin da nake ƙi game da gonakin salmon, kuma ba na so ki ɗauka wanke su nake yi. Gonar ba irin tankin siminti na tarwada ba ce da Hajiya ta sani a gida. Manyan raga ne da ake kafawa cikin teku a lungunan da ruwa ya kutsa tsakanin duwatsu, sana'ar da wasu 'yan'uwa biyu, Ove da Sivert Grøntvedt, suka fara a tsibirin Hitra na Norwe a 1970. Raga ɗaya tana iya ɗaukar kifi har 200,000. Cunkoso irin wannan yana tara kwarkwatar teku, wadda ke cin fatar kifi ta bar masa gyambo, kuma hanyoyin cire ta, kamar wanka da ruwan ɗumi, suna wahalar da kifin ƙwarai. A 2023 fiye da salmon miliyan 60 suka mutu a ragunan Norwe kafin a kai ga yanka su, kusan ɗaya cikin shida. Wannan yana ɓata mini rai, don dabba ce da Allah ya ba mu amanarta. Kwarkwatar tana kuma kama 'ya'yan salmon ɗin daji da ke wucewa daga kogi zuwa teku, waɗanda suka tsere daga raga suna barbara da na daji suna raunana irinsu. A Disambar 2023 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sanar cewa salmon ɗin Atlantika na daji ya ragu da kashi 23 cikin 100 tsakanin 2006 da 2020. Wanda ya bar cin na gona saboda wannan, ina girmama shi. Amma wannan magana ce ta haƙƙin dabba da lafiyar teku, kwarkwatar ba ta kama mutum, kuma ba ta mayar da yankan da ke farantinki guba ba. Bidiyoyin nan suna ɗaukar hoton kifi mai gyambo su haɗa da binciken 2004, su dama su ba mutane su sha.

To sai batun gida, wanda a ganina ya fi batun kifin bukatar dabara. Hajiya ba ta yi laifi ba. Mace ce da ta san bambancin kazar Hausa da ta gidan gona, ta san ɗanɗanon kifin kogi da na tanki ba ɗaya ba ne, sai aka nuna mata hoto aka ce jikanta ake ba guba. Wace kaka ce za ta yi shiru? Ta bar gidanta ta zo ƙasar sanyi don ke, tsoronta ma ƙauna ce. Saboda haka kada ki ɗauki wannan amsa tawa ki karanta mata, kada kuma ta ji daga bakinki cewa abin da 'yarta ta turo ƙarya ne. In kika yi haka maganar ta tashi daga kifi ta koma tsakaninki da dangin miji, kuma za ta daɗe bayan an manta da bidiyon. Maigida ya fara samun ta su biyu ya ba ta haƙuri a kan zafin da maganar ta yi, ko da shi ke da gaskiya a batun kuɗi. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma ɗa shi ke sunkuyawa. Sannan ranar awo mai zuwa ki roƙe ta ta raka ki, maigida ya bi ku ya yi tafinta, a yi wa ungozoma tambayar a gabanta. Abin da ba za ta karɓa daga suruka ba za ta karɓa daga ma'aikaciyar asibiti, ba tare da girmanta ya taɓu ba.

Kuma ba dole ne sai wani ya ci wani a wannan gardama ba, don akwai kifin da zai gamsar da kowa. Hajiya na teku take so, maigida mai sauƙin kuɗi yake so, ke mai maiƙo kike bukata. Titus ya haɗa duka ukun. Kamo shi ake yi a arewacin Atlantika, jiragen Sikotland suna sauke shi a tashar Peterhead, kuma daga wannan yankin ne ake loda shi a daskare zuwa Najeriya, har ya isa kasuwannin Kano inda Hajiya ta saba sayen sa a matsayin kifin ƙanƙara. Omega-3 ɗinsa ba ya ƙasa da na salmon, makurinsa kaɗan ne, bitamin D ɗinsa da yawa. Ki bar mata tukunya ta yi muku farfesunsa ko miyar da ta ga dama, hannunta ya san shi. Sadin na gwangwani ma haka. In kuma salmon ɗin kike marmari, na gwangwani kusan duka na teku ne daga Alaska, jihar da ta haramta noman kifi a raga tun 1990, kuma ƙayoyinsa sun yi laushi ana cinye su, su ƙara miki sinadarin ƙarfin ƙashi. A sashen kayan firiza ma akwai yankakken na Alaska, irin wanda ake kira keta da mai ruwan hoda, kuɗinsa bai kai na jan nan da ake kira sokai ba. Ya fi bushewa a baki, don haka kada ya daɗe a wuta. In a miya ne, ki sa shi minti goma na ƙarshe don kada ya dagargaje.

Na gonar kuwa, in Hajiya ta ji daga bakin ungozoma ta sauko, ku koma masa yadda kuka saba. In ba ta sauko ba, ki bar shi na 'yan watannin da za ta yi, ba abin da za ki rasa muddin titus da sadin suna shiga cikinki sau biyu a mako. Yaron ma a ci gaba da ba shi, a dai tsince masa ƙaya da kyau.

Rashin barcin nan kuma, in ya ci gaba bayan kin karanta wannan, ko kika ga tunanin ya bar kifi ya koma kan wani abu, ki faɗa wa ungozoma a fili. Damuwa mai yawa lokacin ciki abu ne da suka saba gani, kuma suna da hanyar taimako. Kada ki jira sai ranar awo kafin ki ci kifi; gobe ma a sayo titus. Ki gaishe mini da Hajiya da kyau, ki ce ina yi mata sannu da sanyi.